Filin Masu Karatu: Wa Wayata Take Yi wa Sallama Ba da Sanina Ba?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a ƴan kwanakin nan sun taru a kan abu ɗaya, wato ɗan saƙon da wayar salula take aikawa da kanta duk sa'ad da ta hau wifi ko aka kunna mata intanet na layi, tun mai ita bai taɓa komai ba. Na zaɓi guda biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne a Tawa. Ƙanena ya sa mini wata manhaja mai nuna inda wayata take aika saƙo, sai na lura cewa da zarar na hau wifi, tun ban buɗe komai ba, wayar ta riga ta tuntuɓi wani adireshi mai suna connectivitycheck.gstatic.com. Da na tambaya aka ce mini na Google ne. Ban ba ta izini ba, kuma na duba saitin wayar kaf ban ga inda ake hana ta ba. Shin leƙen asirina ake yi?

Amsa: Malam, abin da ka gani gaskiya ne, idonka bai ruɗe ka ba, kuma adireshin na kamfanin Google ne kamar yadda aka faɗa maka. Amma kafin mu kai ga maganar leƙen asiri, ya kamata mu san abin da ke cikin saƙon da kuma dalilin aika shi.

Hawa wifi daban, samun intanet daban. Waya tana iya haɗuwa da akwatin wifi sarai, alamar ta cika fal a saman allo, alhali akwatin kansa ba shi da hanyar fita waje, ko don kuɗinsa ya ƙare, ko don wutar da ke ciyar da eriyar da yake dogaro da ita ta ɗauke. Haka ma layin waya: duk wanda yake ƙasar nan tamu ta Nijar a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da aka katse intanet na salula kusan kwana 10 bayan zaɓen shugaban ƙasa, zai tuna cewa rezo yana nan, ana kira ana amsawa, amma babu shafin da ke buɗewa. Waya ba ta da yadda za ta bambanta waɗannan halaye sai ta gwada, kamar baƙon da ya iso ƙofar gida ya tarar da ita a buɗe, wanda ba zai san ko da mutane a ciki ba sai ya yi sallama. To wannan saƙon da ka gani shi ne sallamar.

Wayar Android tana neman wani ɗan shafi mai suna generate_204 a wancan adireshin. Shafin ba shi da rubutu ko hoto, amsar da kwamfutar Google take mayarwa lamba ce kawai, 204, wadda a ƙa'idar sadarwar shafukan intanet take nufin an ji ka amma babu abin da za a miƙa maka. Ka ɗauke ta kamar gyaran muryar mai gida daga cikin ɗaki: bai ce komai ba, amma ka san yana nan. Idan wannan lambar ta dawo, waya ta san hanya a buɗe take. Idan shiru ne, sai ta sa alamar nan da muka saba gani a jikin alamar wifi, ta rubuta cewa an haɗu amma babu intanet. Idan kuwa wata amsa dabam ta dawo, wadda ke karkatar da ita zuwa wani shafi, sai ta gane cewa akwai mai gadi a ƙofa, ta fito maka da shafin da za ka shigar da lambar tikiti. Duk wanda ya taɓa sayen tikitin dala 20, wato sefa 100, a wurin masu sayar da wifi na unguwa, ya ga shafin sa lamba ya faɗo da kansa, to aikin wannan sallamar ya gani. Saboda haka ma aka bar ɗaya daga cikin saƙonnin gwajin a buɗe, ba a kulle shi da sirri ba, domin akwatin mai wifi ya iya tare shi ya sa nasa shafin a madadinsa. Akwai kuma wani na biyu, kulallen, da yake zuwa www.google.com don tabbatar da cewa hanyoyi masu sirri ma suna aiki.

Yanzu ga abin da Google yake samu. Duk saƙon da ya fita intanet yana ɗauke da adireshin da za a mayar masa da amsa, wanda ake kira adireshin IP, don haka Google yana ganin wannan adireshi da kuma lokacin da saƙon ya iso. Daga adireshin ana iya sanin ƙasa da kamfanin da ya ba da intanet ɗin, wani lokaci har da gari. A tsarin Android na asali saƙon gwajin ba ya ɗauke da sunanka, ko lambar wayarka, ko adireshinka na Gmail, kuma ɗan bayanin da yake gabatar da kansa da shi iri ɗaya ne a wayoyi masu ɗimbin yawa, har ma yana nuna kansa kamar daga kwamfutar tebur ya fito. Ƙari a kan haka, idan da layinka kake intanet, ko Airtel ne ko Moov Africa ko Zamani ko Niger Telecom, kamfanonin waya sun saba haɗa mutane masu yawa a ƙarƙashin adireshin IP guda, ta yadda wanda ke kallo daga waje taro yake gani, ba mutum ɗaya ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ce maka ka kwantar da hankalinka mu wuce. Sai dai akwai abin da manhajar ƙanenka za ta nuna maka idan ka ƙara dubawa ƙasa kaɗan, kuma a ganina shi ya fi cancantar damuwarka. Kusan kowace wayar Android da ake sayarwa a kasuwanninmu, Tecno ce ko Itel ko Infinix ko Samsung, tana zuwa da manhajojin Google a ciki, kuma waɗannan suna riƙe da wata hanya a buɗe dare da rana tsakanin wayar da kwamfutocin Google, wadda ta cikinta sanarwar saƙonni take shigowa ko da allo a kashe yake. Wannan hanyar ta san wace waya ce takamaimai, domin in ba ta sani ba babu yadda za a yi saƙonka ya zo wurinka. Ita ma tana nuna adireshin IP ɗinka, kuma tana sabunta kanta duk lokacin da ka sauya daga wifi zuwa layi. A watan Maris na 2021 Farfesa Douglas Leith na jami'ar Trinity College da ke Dublin a ƙasar Ayalan ya fitar da wani bincike da ya nuna cewa wayoyin Android da iPhone, ko da a ajiye suke ba a taɓa su, suna tuntuɓar kamfanoninsu a matsakaici kowane minti 4 da rabi, kuma cikin abin da suke aikawa akwai lambar jikin waya ta IMEI da lambobin da suka shafi katin layi. Google ya musanta yadda aka auna yawan bayanan, amma kasancewar ana aika su ba ɓoyayyen abu ba ne. Wanda ya tayar da hankalinsa a kan ƴar sallamar 204 ya kau da kai daga wannan, ya bar jaki yana dukan taiki.

Duk da haka ba zan ce ƙorafinka ba shi da tushe ba. Kalmar da ta fi nauyi a wasiƙarka ita ce izini. Wayar da ka saya da kuɗin guminka tana magana da wani kamfani na Amurka a madadinka, ba a tambaye ka ba, kuma ba a sa maka maɓallin da za ka ce a'a ko ka zaɓi wani wurin da za a yi wa sallamar ba. Ƙanƙantar abin da ake ɗauka ba ta wanke wannan ba. Mutum yana iya yarda a ɗebi ruwa a randarsa kullum, amma ya fi son a ce masa za a ɗiba.

Tambaya: Ni ƴar kasuwa ce a Babbar Kasuwar Yamai. Ɗana ya aiko mini da iPhone daga waje. Ita ma tana yin wannan abin? Kuma ko shi ne yake cinye mini forfe, don ina kan wifi na shagon maƙwabcina amma sai in ga megata ta ƙare?

Amsa: Hajiya, ita ma tana yi, sai dai gidan da take yi wa sallama daban ne. Wayoyin Apple suna tuntuɓar captive.apple.com, kuma amsar da suke jira kalma ɗaya ce ta Turanci, Success, wato an dace. Kina iya rubuta adireshin da hannunki a manhajar buɗe shafuka, za ki ga farin shafi da wannan kalma ita kaɗai a samansa. Kwamfutoci masu Windows suna da nasu a wurin Microsoft, manhajar Firefox tana da nata, wasu masu ƙera wayoyi na ƙasar Sin kamar Huawei da Xiaomi kuma sukan karkata gwajin zuwa nasu kwamfutocin. Kowa dai gidansu yake yi wa sallama.

Batun forfe kuwa, saƙon gwajin kansa bai kai ko kusa da nauyin hoto ɗaya na atamfa da kike tura wa masu saye ta WhatsApp ba, don haka ba shi ne ɓarawon ba. Amma hukuncin da waya take yankewa bayan gwajin yana iya taɓa aljihunki. Idan ta ga wifi ɗin maƙwabcinki ya yi rauni ko ba ya kai wa waje, kuma intanet na layinki a kunne yake, sai ta koma kan layin a hankali ba tare da ta yi miki shela ba, ke kuwa kina can kina kallon bidiyo da zaton kyauta ne. A iPhone akwai wani saiti na musamman mai wannan aiki, yana can ƙasan jerin da ke cikin sashen intanet na layi, sunansa yana nufin taimakon wifi, kuma a kunne yake zuwa. Ki kashe shi, ko kuma mafi sauƙi, ki riƙa kashe intanet na layi gaba ɗaya duk lokacin da kika zauna a shago.

Akwai wani abu da ba ki tambaya ba amma ya shafe ki. Kwanakin baya wani saurayi mai sayar da wifi a unguwarmu ya nuna mini jerin wayoyin da ke kan akwatinsa, yana neman wanda ya cinye masa ƙarfin intanet. Yawancinsu lambobi ne da sunayen samfurin waya, amma biyu ko uku suna ɗauke da sunayen masu su ƙarara, har ya nuna mini ɗaya da yatsa yana dariya ya ce wannan ai ta gidan da ke kallon masallaci ce, kuma tun bayan sallar asuba take kai. Wayoyi da yawa suna gabatar da kansu ga akwatin wifi da sunan da aka raɗa musu ranar da aka saita su, kuma iPhone takan ɗauki sunan mai ita. Ki shiga saitin bayanin waya ki sauya sunan zuwa wani abu da ba ya nuna ke ce. Google yana can nesa bai san fuskarki ba, maƙwabci kuwa ya sani.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma ina ɗan aikin jarida. Kullum ina amfani da VPN, wato manhajar da ke ɓoye abin da nake yi a intanet, har na kunna saitin da ke hana duk wata sadarwa da ba ta bi ta cikinsa ba. Wani abokina ya ce duk da haka wannan gwajin yana fita ta waje. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanena, abokinka ya yi gaskiya. A watan Oktoba na 2022 wani kamfanin VPN na ƙasar Suwidin mai suna Mullvad ya bayyana cewa binciken tsaro da aka yi wa manhajarsa ya gano Android tana fitar da saƙonnin gwajin haɗi ta wajen VPN duk lokacin da waya ta hau wifi, ko da an kunna wannan saitin da ka ambata. Kamfanin ya nemi Google ya ba mutane damar kashe gwajin, ko aƙalla ya gyara rubutun saitin don kada ya yi alkawarin abin da ba ya cikawa. Google ya amsa cewa da gangan aka tsara abin haka, bai kuma karɓi buƙatar sa maɓallin ba.

Idan za a yi adalci, hujjar Google ba ta banza ba ce. VPN kamar rufaffiyar mota ce da ke ɗauke da kayanka daga wayarka zuwa wata tasha a wata ƙasa, amma motar ba ta tashi sai an buɗe mata ƙofar gari. A wifi ɗin otal ko na filin jirgin sama ko na masu tikiti, ƙofar ba ta buɗewa sai ka ga shafin shiga ka sa lamba, shafin kuma ba ya fitowa sai gwajin ya fita tsirara ya ci karo da mai gadi. Da an tilasta wa gwajin bin cikin VPN, da ka zauna kana jiran VPN ya haɗu, shi kuma yana jiran ka buɗe ƙofa. Inda Google ya gaza a ganina shi ne wurin faɗar gaskiya a rubutun saitin da kuma barin zaɓi ga wanda ya san abin da yake yi, domin mutumin da ya kunna abin da aka ce masa yana toshe komai yana da haƙƙin ya ɗauka komai ake nufi.

Abin da ke fita ta wannan kafa shi ne adireshin IP ɗinka na gaskiya, da lokacin da ka hau, da tambayar da waya take yi don gano inda kwamfutar gwajin take. Abin da kake karantawa da wanda kake rubuta wa suna nan cikin VPN, ba su fita ba. Ga wanda yake amfani da VPN don buɗe wani shafi da aka toshe ko don kada mai wifi ya ga inda yake shiga, wannan ɗigon ba ya ɓata masa komai. Ga ɗan jarida da ke aiki a kan abu mai hatsari kuwa lissafin ya bambanta, domin mai iko da ke kallon hanyoyi da yawa a lokaci guda yana iya haɗa lokutan da wata waya ta bayyana a wurare dabam-dabam ya fitar da zato. Amma ka tuna da wanda ya fi kowa kusa da kai. Katin layin da ke cikin wayarka da takardar shaidarka aka yi masa rajista, kuma kamfanin layin yana sanin eriyar da kake kusa da ita a kowane lokaci, a Harobanda kake ko ka haye gadar Kennedy, ko da ka kashe intanet ɗin gaba ɗaya. Babu VPN da ke rufe wannan. Ranar da za ka je ganawar da ba ka son a san ka je, barin wayar a ɗaki ya fi kowace manhaja.

Tambaya: Malam, ina gyaran salula a kasuwar Katako ta Yamai. Masu kawo gyara sun fara tambayata in kashe musu wannan abin. Ana iya kashewa? Kuma kana ba da shawarar a kashe?

Amsa: Malam mai gyara, ana iyawa, amma ba ta cikin saitin da kowa ke gani ba. Hanyar da aka sani ita ce a buɗe sashen masu ƙera manhaja ta hanyar taɓa lambar ginin tsarin waya sau 7, a kunna damar sarrafa waya ta kebul, a haɗa ta da kwamfuta, sannan a yi amfani da manhajar adb a sauya wani saiti mai suna captive_portal_mode zuwa sifili, ko kuma a sauya adireshin da ake yi wa gwajin zuwa wani. Wannan dabara ta yaɗu sosai a ƙasar Sin, inda aka toshe Google, domin wayoyin da aka shigo da su daga waje sukan yi ta nuna babu intanet alhali akwai, saboda kawai gidan da suke yi wa sallama ba ya amsawa. Sakamakon umarnin ya danganta da samfurin waya da kuma zubin Android da ke cikinta, wata ta karɓa, wata ta yi biris. Akwai kuma GrapheneOS, wani nau'in tsarin Android, wanda ya sa zaɓin a fili cikin saiti: ko a yi gwajin da kwamfutocinsa, ko da na Google, ko a kashe shi. Sai dai an gina shi ne don wayoyin Pixel na Google, waɗanda ba su ne a hannun yawancin masu zuwa rumfarka ba.

Shawarata ita ce kada ka kashe wa mutane, sai wanda ya fahimci abin da zai rasa. Wayar da aka kashe wa gwaji ba za ta ƙara fito da shafin tikiti da kanta ba, kuma za ta riƙa manne wa mataccen wifi tana zaton tana kan intanet, saƙonni su tsaya a hanya mai ita bai sani ba. Gobe zai dawo maka da ita ya ce ka lalata masa waya, kuma kusan gaskiyarsa ne. Bayan haka, tunda manhajojin Google suna nan suna aikinsu kamar yadda na bayyana wa malamin Tawa, ka karɓi kuɗinsa ne ka toshe ƙaramar kafa ka bar babbar. Idan har ka yi wa wani, ka tabbata ka kashe damar sarrafawa ta kebul kafin ka miƙa masa wayar, domin barin ta a kunne ya fi gwajin da ya gudo hatsari. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Akwai abubuwan da za ka iya yi musu cikin minti kaɗan waɗanda suka fi wannan amfani. Tun daga Android 10 da ta fito a 2019, da iOS 14 na iPhone a 2020, waya tana iya nuna wa kowane wifi lambar shaida ta bogi maimakon tata ta dindindin, ta yadda masu wifi dabam-dabam ba za su gane waya ɗaya ce take yawo a tsakaninsu ba. Ka duba musu cewa wannan a kunne yake. Tun daga Android 9 a 2018 akwai saitin DNS mai sirri, wanda ke kulle tambayoyin da waya take yi na neman adireshin shafuka, kuma ana iya sa masa dns.quad9.net, na wata gidauniya da ke Suwizalan. Ka dai gaya wa mai wayar cewa a wasu wuraren masu tikiti sai ya mayar da saitin kan atomatik kafin shafin shiga ya yarda ya fito. Ka goge musu tarin tsofaffin wifi da waya ta haddace, ka hana ta hawa buɗaɗɗen wifi da kanta. Mafi muhimmanci kuma, ka ja musu kunne a kan shafin shiga na ƙarya. Tunda waya tana fito da duk shafin da mai akwati ya ba ta, ɗan damfara yana iya kafa wifi kyauta a tasha ko bakin kasuwa, ya sa shafi mai kama da na Facebook yana neman kalmar sirri. Shafin tikiti na gaskiya lambar da ke kan ƴar takarda yake nema. Duk wanda ya nemi kalmar sirrin Facebook ko ta Gmail ko lambar asusun kuɗi na waya, a sauka daga kansa nan take.

Tambaya: Shin dokar ƙasarmu ta ce wani abu a kan wannan? Ni ma'aikaciya ce a wani ofishi a Yamai, kuma mu ma muna da shafin shiga wifi da ke neman lambar wayar baƙi.

Amsa: Malama, Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun a 2017, aka sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar da aka kafa don kula da wannan fanni, wadda aka fi sani da HAPDP. Game da ko adireshin IP shi kaɗai yana cikin bayanan mutum, babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2016 cewa yana iya zama haka idan akwai halattacciyar hanyar da za a bi a gano mai shi, kuma a Janairun 2022 wata kotu a birnin Munik na Jamus ta umarci mai wani shafin intanet ya biya wanda ya kai ƙararsa diyyar Yuro 100 saboda shafinsa yana miƙa adireshin IP na masu ziyara ga Google ba da izininsu ba. Wannan hukuncin can ne, bai ɗaure kowa a nan ba, amma ya nuna cewa damuwar malamin Tawa ta kai a saurare ta a gaban alƙali.

Sashe na biyu na wasiƙarki ya fi kusa da hannunki. Lambar wayar baƙo bayanin mutum ce ba tare da wata jayayya ba, kuma shafin ofishinku yana tattara abin da gwajin Google bai taɓa nema ba: lamba, da ranar zuwa, da tsawon zama. Ki tambayi mai kula da kwamfutocinku inda ake ajiye waɗannan lambobi, da waɗanda suke iya buɗe su, da bayan wata nawa ake goge su. Idan ba a yin komai da su, ku cire gurbin lambar daga shafin, ku riƙa ba baƙi lambar shiga a ƴar takarda kamar yadda masu wifi na unguwa suke yi.